Wace Fitila Ta Fi Haske, Wace Ta Fi Ci?

Duk mai karatun dare ya san darajar fitila, amma kaɗan ne cikinmu su ke tambayar abin da ta ke ci. Kowace fitila abu biyu ta ke fitarwa, haske da zafi. Hasken mu ke bukata, zafin kuwa hasara ce, ko da ya ke shi ma mun biya kuɗinsa.

Masana suna da ma'auni biyu. Na yawan haske sunansa lumen, na ƙarfin da fitila ta ke ci kuwa wat. Mu kan ga an rubuta wat 60 jikin ƙwan lantarki, mu ce haskensa ke nan. Ba haka ba ne, cinsa aka gaya mana. Fitilar kirki ita ce mai ba da lumen da yawa bisa kowane wat guda.

To, bari mu jera su. Kyandir yana ba da wajen lumen 12, alhali ƙarfin da ya ke ƙonewa ya kusa wat 80. Aci-bal-bal da fitilar ƙwai danginsa ne, ba wadda ta kai lumen ɗaya bisa wat guda, ga kuma hayaƙi.

Wajen 1879 Edison a Amurka da Swan a Ingila suka fito da ƙwan lantarki. Wani siririn zare ke ciki, lantarki ya gasa shi har ya yi fari fat. Irinsa mai wat 60 yana ba da kamar lumen 800, watau ya fi kyandir 60. Duk da haka kashi 9 cikin 10 na abin da ya ci zafi ya ke zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. Dogon farin ƙwai, wanda ya shiga kasuwa a 1938, ya ninka shi haske wajen sau huɗu bisa ci ɗaya.

Na baya-bayan nan shi ne LED, wanda ba ya gasa kome kafin ya haska. Waɗansu masana uku, haifaffun Japan, su suka gano shuɗinsa, wanda daga gare shi a ke samun farin, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Da wat 9 kaɗai ya kan ba da lumen 800 ɗin nan.

Mu yi lissafi. In an kunna mai wat 60 awa 5 kullum har kwana 30, mita za ta nuna yunit 9. LED kuwa ba zai cika ɗaya da rabi ba. Har wa yau mai zare ya kan mutu bayan wajen awa 1,000, LED mai kyau ya kan kai 15,000.

Gaskiya ne LED ya fi tsada ran saye, amma araha ba ta ado. Saboda haka in mun je sayen ƙwai, mu fara duba lumen, sa'an nan wat, kuma mu koya wa yaran da za mu karantar haka.