Mashigar kalsiyom: tsarin abu da zaɓen sunansa a Hausa

1. Gabatarwa

Littattafan kiwon lafiya na yaƙi da jahilci ba su da makawa sai sun taɓo hawan jini. Daga cikin magungunansa akwai nifedipin da amlodipin, waɗanda a Faransanci ake kira inhibiteurs calciques. In aka fassara sunan kalma da kalma, sai a sami "masu hana kalsiyom". Wannan fassara tana da haɗari, domin mai karatu ya riga ya koyi cewa kalsiyom shi ne ƙarfin ƙashi, kuma haka ne: kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora. A Tibiri ta jihar Maraɗi, inda ruwan sha mai yawan fuliyor ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, abin da ya bazu a duniya wajen shekarar 2001, da wuya mutum ya amince da maganin da sunansa ke nuna yana cin ƙashi. Alhali kuwa aikin maganin yana can kan waɗansu ƙananan mashigai na jijiyoyin jini. Kafin a raɗa wa waɗannan mashigai suna, wajibi ne a san yadda suke da yadda suke aiki.

2. Abin da ake nema wa suna

Kowace ƙwayar halitta tana kewaye da tantani na maiƙo, wanda kalsiyom ba ya iya ratsawa. Kalsiyom na waje ya fi na ciki yawa sau wajen dubu 10. Saboda haka, da zarar an buɗe masa hanya sai ya kwararo ciki, kuma wannan kwararowa ita ce saƙo: tsoka ta ɗaure, zuciya ta buga, jijiyar saƙo ta saki sinadarinta. Tun 1883 Sydney Ringer ya nuna a London cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa in babu kalsiyom a ruwan da aka sa ta. A 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann suka auna lantarkin da ke bi ta mashiga guda ɗaya tak, a 2015 kuma ƙungiyar Nieng Yan a Beijin ta fitar da siffar mashigar tsokar zomo.

3. Tsarin mashiga

Mashiga furotin ce da ke zaune cikin tantani. Babban sashenta zare ɗaya ne mai amino asid wajen 2000, wanda ya naɗe ya yi rukuni 4, kowane rukuni da tsinke 6 masu ratsa tantani. Rukunan nan 4 sun yi da'ira, sun bar kafa a tsakiya. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a nan.

Na farko, tsinke na 4 na kowane rukuni yana ɗauke da lantarki, yana kuma motsawa in lantarkin tantani ya sake. Shi ne ma'auni. Na biyu, a bakin kafar ta waje akwai ƙunci, inda amino asid 4 masu suna gulutamat ke riƙe kalsiyom su tura shi ciki, su hana sodiyom wucewa, ko da yake sodiyom ya fi shi yawa a waje nesa ba kusa ba. Na uku, ƙarshen tsinke na 6 na kowane rukuni sun haɗu ta ciki sun rufe kafar, ba sa rabuwa sai ma'auni ya ja su. Ɗan Adam yana da irin wannan babban sashe kala 10, cikin dangi 3. Dangi na farko ne magungunan hawan jini ke kamawa.

4. Buɗewa da rufewa

In ƙwayar halitta tana hutawa, mashiga a rufe take. Lantarki ne ke buɗe ta, amma ba ta daɗewa a buɗe. Kalsiyom ɗin da ya shiga yakan kama wani furotin, kalmodulin, wanda ke manne da wutsiyar mashigar, shi kuma ya sa ta rufe. Watau abin da ya shiga shi ke jawo rufewa a bayansa. In mutum ya firgita ko ya yi gudu, adirenalin yakan ƙara yawan buɗewar mashigan zuciya, bugu ya ƙara ƙarfi.

Ban da na waje, ƙwayar halitta tana da ajiyar kalsiyom a cikinta, da mashiganta iri biyu: mai amsa wa IP3, sinadarin da aka gane aikinsa a 1983, da wadda ake kira ta riyanodin. In ajiya ta yi ƙasa, furotin STIM yakan ji, ya je ya buɗe mashigar Orai a tantanin waje a sake cikawa. An gano su a 2005 da 2006. A ƙarshe akwai famfuna masu cin ƙarfi, waɗanda ke mai da kalsiyom ajiya ko su fitar da shi waje, har saƙo ya ƙare.

5. Zaɓen kalmomi

Faransanci yana cewa canal. Mai fassara zai yi saurin rubuta magudana, ko ya ari kanal. Amma manomin gandun noman rani na Jiratawa ya san magudana doguwa ce, a buɗe take, kuma tana ɗaukar ruwa da yashi da ciyawa ba zaɓe. Abin da ya yi kama da wanda ake magana a kai shi ne bakin fangali, wanda ake buɗewa ruwa ya shiga, a toshe in ya isa. Shi ya sa mashiga ta fi dacewa. Sunan wuri ne da aka gina da ɗafin ma- a kan aikatau shiga, kamar mafita da mashaya, kuma ba ta bukatar bayani.

Hausa tana bambanta ƙofa da ƙyaure, watau kafar da abin rufe ta, kuma wannan bambanci ya zo daidai da tsarin da aka bayyana a sashe na 3. Ga abin da ake ba da shawara:

(1) canal calcique : mashigar kalsiyom
(2) pore : ƙofa
(3) porte : ƙyaure
(4) filtre : mataci
(5) réserve : rumbu
(6) pompe : famfo

Game da magunguna, bincike ya nuna ba duka ne ke aiki iri ɗaya ba. Berapamil yakan shiga ƙofar ya zauna, shi matoshi ne. Amlodipin da nifedipin kuwa daga gefe suke kamawa su riƙe ƙyaure, aikinsu na sakata ne. Ga masu bincike ana iya cewa sakatar mashigar kalsiyom. Ga littafin manya kuwa, gara a ambaci abin da mai shan magani zai amfana da shi: maganin sassauta jijiyoyin jini.

Akwai kalmomi biyu da ke bukatar hattara. Ƙwaya tana nufin ƙwayar magani, saboda haka kada a gajarta ƙwayar halitta a shafin da ke maganar shan magani. Jijiya kuma ta ƙunshi ta jini da ta saƙo da agara, dole a riƙa bin ta da kalmar da ke fayyace ta. Sauran batu shi ne na kalsiyom da kalsiyam: na farko ya bi lafazin Faransanci, na biyu na Ingilishi, kuma ya kamata a sanar da malamai duka biyu, tun da littattafai suna ƙetare iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina.

6. Kammalawa

Waɗannan kalmomi shawara ce, ba su zama doka ba. Ya kamata a gwada su a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kafin a buga. A karanta wa ɗalibai shafin, sa'an nan a tambaye su ko maganin yana taɓa ƙashi. In suka ce yana taɓawa, sai a koma a sake kalma.