Rahoto ta Waya da Yaƙi da Fyaɗe a Masarautar Daura

A shekarar 2010 wasu matasa a Masar suka buɗe HarassMap, inda mace za ta aika saƙon waya ta faɗi wurin da aka ci zarafinta ba tare da sunanta ya fito ba, sai wurin ya bayyana a taswira. Indiya ta samu irinta, Safecity, a 2012, bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba cikin motar bas a Delhi. A nan gida, gangamin ArewaMeToo na 2019 ya nuna cewa matan Arewa kan yi magana idan suka sami kafa.

Abin da ya haifar da wannan salo shi ne shiru. A Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka ja 'yar talla cikin kango, iyaye kan gwammace a kashe maganar a zaure, don gudun kada ta rasa mijin aure. Sai mai laifin ya koma ruwa, ya nemi wata.

Rahoton sirri na rage wannan tsoro. Idan ƙorafi ya yawaita kan lungu guda marar fitila ko bayan tashar mota, mai unguwa da 'yan sanda sun san inda za su sa ido.

Sai dai akwai cikas. Yarinyar da ke ɗauke da farantin gyaɗa ba ta da waya, wata ma ba ta iya karatu ba. Sunan da aka ɓoye na iya zama mafakar mai ƙazafi, bayanin da ya fita kuma ya tona asirin wadda ake son karewa. Mafi muni, idan aka kai rahoto ba a ga mataki ba, ba mai sake kaiwa.

Don haka abin da ya dace da Daura shi ne layin kira kyauta da Hausa, mai aiki a ƙaramar waya, mata su riƙa amsawa, a kuma haɗa shi da asibiti, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Muna kira ga hakimai da dagatai da limamai su fito fili su ce fyaɗe laifi ne na kotu, ba na sulhu ba.