Gwanjon Intanet: Yadda Ake Gane Wandon Jins Na Asali Kafin A Tura Kuɗi

Tun kafin zuwan waya Bahaushe ya san gwanjo. Asalin kalmar ma ciniki ne na taye-taye, inda wanda ya fi kowa tayi shi ke tafiya da kaya, daga baya ta zama sunan tufafin hannu da ake kwancewa daga dila. Saurayin da ke Boko ko Kusada, idan yana son wandon jins mai kyau, a da sai ya fito Kankia ya hau motar Kano, ya shiga Kasuwar Ƙofar Wambai, ya taɓa yadin da hannunsa, ya juya cikin wandon ya duba ɗinki. Yanzu wandon ne ke biyo shi cikin waya: a eBay, a Jiji, a Facebook Marketplace, da zaurukan WhatsApp da TikTok inda ake ɗaga kaya a ce kowa ya taya.

Abin da ya ɓace a wannan sabon ciniki shi ne hannu. Mai saye ba ya taɓawa, hoto kawai yake gani, kuma tambarin da ke jikin wando shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo. Saboda haka dole hujja ta maye gurbin taɓawa.

Wane irin dandali ne?

Ba duka ne gwanjo na gaskiya ba. eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, shi ne mai cikakken tsarin tayi: mutum ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, manhajar ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan har lokaci ya cika. Kuɗi ta cikin dandalin suke bi, kuma idan kaya bai zo ba ko ya saɓa da bayaninsa, akwai hanyar neman a mayar da kuɗi, galibi cikin kwana 30. Jiji kuwa allon talla ne, yana haɗa mai saye da mai sayarwa ne kawai, shi ya sa shi kansa yake gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Gwanjon WhatsApp da TikTok ba shi da alƙali ko kaɗan. Wanda ya ɗaga wandon shi ne mai kaya, shi ne dillali, shi ne kuma mai cewa an sallama.

A nan ne ake wani tsohon wayo: mai kaya ya sa abokinsa ko layinsa na biyu ya riƙa ɗaga tayi, har zuciya ta ɗebi mai saye ya biya abin da bai yi niyya ba. Maganinsa shi ne a yanke iyaka tun kafin a fara, a haɗa da kuɗin aike, idan an wuce ta a haƙura.

Abin da za a nema a hoto

Levi's ne misali mafi kyau, domin yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma alamominsa sanannu ne. A 1873 ne Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi rajistar ƙusoshin tagulla da ke bakin aljihu. Fatar baya mai hoton dawakai biyu suna jan wando ta zo a 1886, ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihun baya na dama kuma a 1936. Masu jabu sun iya waɗannan ukun sarai, domin su ido ke fara gani. Inda suke kasala shi ne ciki.

Don haka hotunan da suka fi amfani su ne na takardar wanki da ke ɗinke a ciki, da bayan babban maɓallin ƙugu, da ɗinkin ƙafa idan an juya wandon. A yawancin wandunan kamfanin akwai lamba da aka buga a bayan maɓallin, wadda ya kamata a sake ganinta a takardar wankin. Idan babu lambar, ko rubutun takardar yana da kuskure, ko zare ya yi tsalle-tsalle, akwai abin dubawa. Samfurin 501 da maɓallai ake rufe gabansa, 505 shi ne mai zif. Wanda duk aka ce 501 ne na yau da kullum sai ga zif, sai mai kaya ya yi bayani.

Akwai kuma kuskuren da masu saye ke yi ta ɗaya ɓangaren. Jan ƙyallen da ba shi da suna, sai alamar ® kaɗai, ba jabu ba ne. Kamfanin da kansa yake fitar da irinsa. Haka wandon da aka rubuta an ɗinka shi a Pakistan, Bangladash ko Masar, domin an daɗe da kai yawancin ɗinkin ƙasashen waje. Wanda ke da babban harafin E a jan ƙyalle, asalinsa na kafin 1971 ne ko kuma sabon da aka yi a tsohon salo, kuma masu tara kayan tarihi na biyan kuɗi sosai a kan tsohon. A 2022 an sayar da wani na shekarun 1880 a kan dala 87,400 a Amurka. Wanda ya ga "tsohon Levi's" a farashin shinkafa da wake, ya san labari ne.

Hoton kansa ma yana iya zama na sata. Google Lens na nuna ko an ɗauko shi ne daga wani shafi. Abin da ya fi wannan sauƙi: a roƙi mai kaya ya rubuta ranar yau a takarda, ya ɗora a kan wandon ya ɗauka, ko ya yi kiran bidiyo. Mai kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan. A nemi kuma ya shimfiɗa tef ɗin tela a ƙugu da tsawon ƙafa, domin W32 L32 inci ne na ranar da aka ɗinka, wandon da ya sha wanki kuwa ya kan tsuke.

Biya da isowar kaya

Mafi yawan asara a nan take faruwa, ba a wajen ɗinki ba. Da zarar mai kaya a eBay ya ce a koma WhatsApp a biya shi kai tsaye don a sami ragi, kariyar dandalin ta faɗi. A cikin gida kuma, tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma dawo da su aiki ne na kwanaki, idan ma sun dawo. Sunan da ya fito a asusun ya dace da sunan mai tallar. A ajiye hoton tallar, da hirar, da rasit, domin su banki zai fara tambaya.

Mai oda daga waje yana da ƙarin lissafi. Ba kowane mai kaya ke aikowa Najeriya ba, kuɗin jirgi kan kai kuɗin wandon ko ya fi, ba kowane katin naira ke biyan dala ba, sannan tufafin hannu suna cikin kayan da dokar kwastam ta hana shigowa da su. Sabon wando mai takardarsa ya fi sauƙin wucewa.

Ga mutumin Boko, kaya ba ƙofar gida suke zuwa ba, direba ake ba a tashar Kano ya sauke a Kankia. Tsarin da ya fi aminci shi ne a biya kuɗin mota kawai, ko a sa ɗan'uwa da ke Kano ya je ya ga wandon, ya juya cikinsa, ya karanto lambar maɓalli ta waya, sannan a tura cikon kuɗin.