Cinikin Fatar Jaki da Abin da Ya Jawo wa Kasuwar Maigatari

Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci kowace Alhamis a bakin iyakar Najeriya da Nijar, ta daɗe da yin suna wajen raƙuma, shanu, dawaki da jakuna. A da, mai sayen jaki manomi ne ko mai itace. Yakan buɗe bakin dabbar ya duba haƙora, ya shafa gadon baya ko akumari ya yi mata gyambo, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta. Yanzu akwai wani mai sayen da babu ruwansa da wannan duka, domin fata yake nema, kuma ta tsoho da ta gurgu duk kuɗi ne.

Tushen wannan sauyi yana ƙasar Sin, inda ake dafa fatar jaki a fitar da wani sinadari mai danƙo da ake kira ejiao, na maganin gargajiya da kayan gyaran jiki. Jakunan Sin sun kai miliyan 11 a farkon shekarun 1990, amma suka ragu zuwa ƙasa da miliyan 3, sai masana'antun suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary, wadda Elisabeth Svendsen ta kafa a Ingila a 1969 don kula da jakunan da aka yasar da sama musu sababbin masu riƙo, ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 duk shekara saboda fata. Daga Maigatari ana lodin jakuna a manyan motoci zuwa kudu maso gabas, musamman Ezzamgbo a jihar Ebonyi, inda ake cin naman, fatar kuma ta bi hanyar teku.

Cinikin yana da ribarsa. Makiyayi yana samun farashin da bai taɓa mafarki ba, dillali yana karɓar la'ada, masu lodi da direbobi suna samun na cefane. Sai dai hasarar ta fi nauyi, kuma a kan talaka ta faɗa. Jaka takan ɗauki ciki kusan wata 12 ta haifi ɗa guda, don haka haihuwa ba za ta taɓa cim ma wuƙa ba. A ƙauyukan Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda rairayi ke kafe tayar babur, jaki ne ke kai mangalar taki gona da rani, ya ɗauko jarkokin ruwa, ya kwaso dammunan gero da kaka. Magidancin da jakinsa ya mutu ko aka sace, in farashi ya fi ƙarfinsa, kayan kan koma kan 'ya'yansa.

An kuma rasa wata tsohuwar al'ada. Ƙasar Hausa ba ta san gidan renon dabbobi irin na Turai ba, amma jakin da ya tsufa akan sake shi ya yi kiwo a bayan gari, wanda ya ɓata kuma a ɗaure shi a ƙofar mai unguwa a yi cigiya. Yau jakin da ya kwana a sake yana iya wayar gari a cikin mota.

Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da haramta yanka jaki don fata. Aiwatarwa ce ke da wuya: iyakar doguwa ce, babu shinge, kuma jaki da ƙafarsa yake ƙetarowa ta cikin gonaki.