Me mai horar da ƙarfin jiki yake yi wa ɗan dambe?

A Moriki, Shinkafi da Kaura Namoda, dambe wasan kaka ne tun kaka da kakanni, kuma ba wanda ke shiga fage ba ubangida. Shi ke naɗa wa yaro zare, ya koya masa tsayuwa da kai naushi. Ko ɗan dambe Shago da mawaƙi Ɗan Anace ya waƙe, noma da aikin ƙarfi suka gina irin jikin zamaninsa.

Mai horarwa na yau aikinsa daban. Yakan fara gwada ƙarfin mutum da numfashinsa, ya tambayi tsohon targaɗe, sannan ya tsara atisaye: gudu, tsallen igiya, ɗaga ƙarfe. Nauyin kaɗan-kaɗan ake ƙarawa mako-mako, domin tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Shi ya sa ba a gallaza wa gaɓa ɗaya kwana biyu a jere. Ga ɗan dambe, ƙafafu da ƙugu aka fi ba ƙarfi, daga nan naushi ke tasowa, kuma turmi na uku sai mai numfashi.

Abinci ma yana cikin lissafi: wake, ƙwai, nono, nama, isasshen ruwa da barci. Wanda ya miƙo maka tramadol da sunan ƙarin kuzari kuwa, rabu da shi, ƙwayar tana ɓoye ciwo ne har rauni ya ƙazanta.