Soyayya da Tawaye a Ƙagaggen Labarin Tarihi: Misalin Mutanen Ailan

Idan aka ce ƙagaggen labarin tarihi, ana nufin zuben da marubuci ya ɗauki wani zamani da ya shuɗe, da al'amuran da suka auku da gaske, ya saka taurarin da ya ƙirƙira a cikinsu. Ɗalibin Hausa ya san irinsa a Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A adabin Ingilishi kuwa, akan danganta kafuwarsa da Waverley na Walter Scott (1814). Daga cikin rassansa akwai wanda soyayya ce babban jigonsa, taurarinsa kuma mutanen Ailan ne da suka ƙaura zuwa Amurka, suna ƙulla tawaye ga mulkin Birtaniya daga nesa.

Tarihin Ailan ne ya ba marubuta wannan dama. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka tsallaka teku. Waɗanda suka isa New York da Boston sun tafi da ɗacin abin a zukatansu. A 1858 aka kafa ƙungiyar asiri a Dublin ƙarƙashin James Stephens, John O'Mahony kuma ya jagoranci 'yar'uwarta a Amurka, wato ƙungiyar Fenian, wadda har ta kai hari Kanada a 1866. Duk inda aka yi rantsuwar sirri kuwa, ba a rasa maci amana. Thomas Beach, wanda ya laƙaba wa kansa suna Henri Le Caron, ya shafe fiye da shekara 20 cikin 'yan Fenian yana kai wa Birtaniya rahoto, bai bayyana kansa ba sai a 1889.

A nan ne warwarar jigo ke samun ƙarfi. Tauraro yana da amana biyu, ta masoyiya da ta ƙungiya, kuma riƙe ɗaya kan jawo sakin ɗayar. In ya faɗa mata sirrinsa ya saɓa rantsuwa, in ya ɓoye ta zarge shi. Wannan ma tarihi ya riga ƙage. Bayan tawayen 1803 ya ci tura, an kama Robert Emmet ɗauke da wasiƙun masoyiyarsa Sarah Curran, aka kashe shi a watan Satumba na shekarar, labarinsu kuma ya zama taskar da marubuta suka daɗe suna ɗiba.

Misali mafi sauƙin samu shi ne Gone with the Wind na Margaret Mitchell (1936). Mahaifin tauraruwar, Gerald O'Hara, ya gudo daga Ailan ne bayan ya kashe wakilin mai gona da ke karɓar kuɗin haya. A ci gaban labarin da Alexandra Ripley ta rubuta, Scarlett (1991), tauraruwar ta koma Ailan, inda ɗan'uwanta Colum, limamin coci, yake safarar makamai ga 'yan Fenian a ɓoye. Leon Uris kuwa, a Trinity (1976), ya haɗa ɗan tawaye mabiyin Katolika da budurwa 'yar Furotesta, ya mai da bambancin ɗariƙa shingen soyayya, ko da yake akasarin labarin a Ailan ya gudana.

Sai dai manazarci ya yi hattara. Irin waɗannan littattafai sukan ƙawata ɗan tawaye fiye da kima, su mai da yunwa da kisa tamkar labulen da masoya ke tsayawa a gabansa. Harin Kanada na 1866, alal misali, cikin 'yan kwanaki ya watse, gwamnatin Amurka da kanta ta kama da yawa daga maharan. Don haka, yayin nazarin kowane littafi, ya kamata ɗalibi ya ware sunaye da shekarun da tarihi ya tabbatar daga waɗanda marubuci ya ƙaga, sannan ya duba wane ɓangare marubucin ya bari ya yi magana, wane kuma ya rufe wa baki.