Yadda ake shayar da itace rezin don kada ya tsage

A Amurka da Turai, masu yin ƙotar wuƙa kan shayar da itace mai laushi rezin don kada ya tsage ko ya sha ruwa. Ana fara gasa shi yini guda a digiri 105; in damshi ya saura, aiki ya ɓaci. Sai a nutsa shi cikin rezin a rufaffiyar tukunya, inji ya zuƙe iska har kumfa ta daina tashi. Bayan ya jiƙa, a sake gasawa a digiri 90, rezin ya daskare.

Tsadar tana ga rezin: galan na Cactus Juice, kusan lita 4, kan kai dalar Amurka 100, ban da inji. Don haka guntaye ake yi wa, ba ƙofa ko gado ba.